Cikin fari, wata bakwai: Inna ta ce in taho gida, maigida ya ce a'a

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 22, aurena bai cika shekara biyu ba, ina ɗauke da cikin fari, sati 31 a lissafin sikanin. Muna zaune a Kano, iyayena kuma suna wani ƙauye a Jigawa. Inna ta aiko sau biyu cewa in taho goyon ciki kamar yadda yayyena suka yi, in haihu a gabanta, in yi wanka har arba'in. Maigidana ya ce bai yarda ba, a nan nake awo, a nan zan haihu. To amma shi ɗan kasuwa ne, kusan kowane wata sai ya yi kwana huɗu ko biyar a Legas, ni kaɗai nake kwana a gida. Daga garinmu zuwa babban asibiti kuwa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a kan burji, ga shi watan Agusta aka ba ni, tsakiyar damina. Akwai ƙaramin asibiti a garin, amma da la'asar ake rufe shi.

Ita kuma Hajiyarsa ba ta da zance sai na suna, har ta fitar da anko. Abin da ya tara naira 300,000 ne, na ga alamar duk can za su tafi. Ni ko riga ɗaya ta jariri ban saya ba, Inna ta ce ba kyau a yi wa ɗan da ba a gani ba sayayya. Ta kuma aiko mini da maganin zaƙi a jarka, ban fara sha ba. Ƙafafuna sun fara kumbura da yamma. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ta rasu bara wajen haihuwar fari, tun daga nan in na kwanta sai in yi ta tunanin ni ma haka za ta same ni. Ban faɗa wa kowa ba. Ba na son saɓa wa Inna, ba na son saɓa wa mijina. Da me zan fara?

'Yarki a Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan ƙawarki, ya karɓi shahadarta, ke kuma Allah ya raba lafiya.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karon farko rigimar Inna da maigida na gani. A na biyu sai idona ya tsaya kan wata 'yar magana da kika jefa a tsakiya kamar ba komai ba, wai ƙafafunki sun fara kumbura. Da ita zan fara, domin duk sauran za su iya jira zuwa jibi, ita ba za ta iya ba.

Kumburin ƙafa da yamma wanda yake saɓewa in an kwana, yawancin masu tsohon ciki suna yin sa. Nauyin cikin ne ke danne jijiyoyin da ke mayar da jini sama. In iyakarsa ke nan, ki riƙa ɗora ƙafa kan matashi, ki rage doguwar tsayuwa a kicin. Sai dai ni daga nan ba zan iya ce miki iyakarsa ke nan ba, ke ma ba za ki iya ba, Inna ma haka. Abin awon jini da gwajin fitsari ne za su faɗa. Hawan jinin ciki ya fi son mai cikin fari, kuma ba sallama yake shigowa, bayan wata biyar. Mace tana ta hidimarta lafiya lau, jininta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Shi ne in aka bar shi yake kaiwa ga jijjiga, wadda har gobe a wasu gidajen ake cewa iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Don haka in ranar awonki da saura, kada ki jira ta. Ki je cikin satin nan a auna jininki, a duba fitsarinki, ki kuma tambayi nas lambar da ta gani, ki rubuta. Mata da yawa hannu kawai suke miƙawa, a ɗaura a kwance, su tashi ba su san abin da aka samu ba.

In kuwa kin wayi gari fuskarki ta cika, ko zobe ya ƙi fita daga yatsa, ko kanki yana sarawa ya ƙi jin farasitamol, ko kina gani dishi-dishi, ko wani ciwo ya tokare ki a ƙarƙashin haƙarƙari, to a wannan sa'ar za a tafi asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Haka in kika ga jini ko kaɗan ne, ko ruwa ya zubo miki, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko motsin yaron ya ragu daga yadda kika saba ji. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, don za a ce miki ai in haihuwa ta matso yaro yakan yi lamo. Ba haka ba ne. Wuri yana yi masa kaɗan, salon motsin yana canzawa, amma lafiyayyen yaro yana motsi har cikin naƙuda.

Yanzu mu zo kan inda za ki haihu. Kada ki bari kowa ya sa ki ga kamar Inna ƙauyanci take yi. Goyon ciki dabara ce ta iyaye da kakanni, kuma da hujjarsu. Yarinya ce ba ta taɓa haihuwa ba, tana jin nauyin surukai, ba za ta iya buɗe baki ta ce ga inda ke mata ciwo ba, sai aka ce ta koma wurin wadda ba ta jin kunyarta. Wadda za ta dafa mata, ta kwana kusa da ita, ta gane daga yanayin tafiyarta cewa yau akwai magana. Inna ta san mijinki yana tafiya. Duk daren da yake Legas, ita ma a can ba barci take yi ba, tana tunanin 'yarta ita kaɗai a gida da tsohon ciki. A nan ta fi shi gaskiya.

Shi kuma ya fi ta gaskiya a kan hanya. Jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Hanyarku awa ɗaya da rabi ce in rani ne, in motar tana bakin ƙofa da mai a ciki, in direban bai yi barci ba. A Agusta, da daddare, ana tsuga ruwa, ki lissafa da kanki. Na san za a ce yayyenki duk a ɗakin Inna suka sauka lafiya. Alhamdu lillahi, yawancin mata haka suke sauka. Amma kimanin 15 cikin kowane 100 sukan gamu da tangarɗar da sai an taimaka musu, kuma babu mai iya nuna su da yatsa tun kafin ranar, ko likita. Ki tambayi duk wadda ta taɓa jinya a asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, za ta ba ki labarin 'yan mata da yawa da haihuwar fari ta kai su can, doguwar naƙuda a gida, kwana biyu, kwana uku, ana cewa a ƙara haƙuri.

Ni ma a ɗakin mahaifiyata na yi naƙudar ɗan farina. Tun magariba abin ya fara, na yi shiru don kunya, ina durƙushe a bayan gado ina cizon bakin zane kada ƙannena su ji. Sai dare na biyu aka yarda abin ya fi ƙarfin ungozoma. Motar da aka samo ta ɗaukar buhunan gyaɗa ce, aka shimfiɗa mini tabarma a baya, mahaifiyata ta riƙe kaina a cinyarta tana salati, kowane rami muka faɗa sai na ji kamar raina zai fita. Mun kai, an yi mini aiki, mun rayu ni da yaron. Har ta koma ga Allah, mahaifiyata ba ta sake cewa wata 'yarta ta haihu a gida ba. Ba wanda ya fi ta sona a duniya, amma a daren nan ba ta da jini a firiji, ba ta da ɗakin tiyata.

To ga abin da nake gani. Abin da Inna take so shi ne ta kasance kusa da ke. Abin da mijinki yake so shi ne ki kasance kusa da asibiti. Ai waɗannan biyun ba sa karo, in dai Inna ce za ta taso. Ta zo Kano tun cikin sati na 36, ta zauna da ke, ki haihu a asibitin da katinki yake, a yi suna, in an duba ku an ga ke da jaririn lafiya, ku ɗunguma tare zuwa gida ki ƙarasa wankanki har arba'in. Ta samu goyon cikinta, ta samu wankanta, wuri kawai aka sauya na 'yan makonni.

Amma wannan magana ba a waya za a yi ta ba, kuma bai kamata ta fito daga bakinki ba. In ke kika faɗa, za a ce aure ya sa kin fi ƙarfin gida. Shi zai shirya ya je har garin da goronsa, ya durƙusa gaban Baba, ya ce alfarma ya zo nema, a ba shi aron Inna, saboda hanya da damina. Ya nuna musu yana tsoron abin da zai faru ne, ba raina gidansu ya yi ba. Dattawa sukan ba da abin da aka roƙa cikin ladabi ko da sun hana shi da aka yi musu gatsali. Zai yiwu Inna ta ce ba ta kwana gidan suruki, wannan kunya ce da aka sani. In kuna da ɗan'uwa a Kano ta sauka can ta riƙa wuni wurinki, gwaggonki ko wata yayarki ta riƙa kwana da ke. In kuma aikin gona da ƙananan yara sun riƙe ta gaba ɗaya, ta wakilta wadda ta yarda da ita.

Idan duk an yi wannan iyayenki suka kafe sai kin je, kuma mijinki ya sassauta, to kada ki zauna a ƙauyen. A nemi gidan dangi a garin da babban asibiti yake, ko Dutse, ko Haɗeja, ko Birnin Kudu, ko Jahun, wanda ya fi kusa da ku. Ki tafi da wuri, kafin sati na 36, da katinki da duk takardun gwajinki, ki yi awo a can ko sau biyu ne don su san ki. Ki tambaye su kai tsaye: kuna aiki da dare? Kuna tiyata? Kuna ƙarin jini? Asibitin da ake rufewa da la'asar na awo ne da allurar yara, ba wurin dogaro ba ne ga mai haihuwar fari.

Shi kuma maigida, tunda shi ya ce a nan za ki haihu, to maganar tana da kuɗinta, sai ya biya. Daga sati na 37 haihuwa tana iya zuwa kowace rana. Ranar da aka rubuta miki a kati kintace ce, 'yan kaɗan ne suke haihuwa a ranar daidai, wasu su riga ta da sati biyu, wasu su gota. Ya tsara sarinsa yadda tafiyarsa ta ƙarshe za ta kasance kafin nan, sauran ya aika yaronsa ko ya yi ta waya. Kafin lokacin ma, duk daren da ba ya gari a samu babbar mace ta kwana da ke. Sannan ya faɗa da bakinsa, a gaban Hajiya, cewa ya ba ki izini duk sa'ar da kika ji ba daidai ba ki tafi asibiti, yana nan ko ba ya nan. Kada ki ga kamar wannan ƙaramin abu ne. An sha zama da mace tana zubar da jini ana ta kiran wayar miji ba ta shiga, ba wanda ya isa ya ce a fita da ita.

Ku zauna ku biyu ku yi wa daren nan tsari dalla-dalla, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfe biyun dare ba za ku samu adaidaita a titi ba. Motar wa za a ɗauka? A je a gaya wa mai ita tun yanzu, a karɓi lambarsa, a kuma samu na biyu ko da na farkon ya yi tafiya. Wace ƙofar asibitin ce a buɗe da dare? Ku duba ranar awo. Meye rukunin jininki? In ba ki sani ba ki tambaya, a kuma duba yawan jinin, gwajin da suke kira PCV. A samu mutum biyu cikin 'yan'uwansa ko abokansa da suka yi alkawarin ba da jini in an nema. In aka ce miki jininki negetif ne, ki tuna wa ma'aikatan, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya.

Sai kuɗi, wato sai Hajiya. Ita ma ki yi mata uzuri, ɗoki ne. Ta daɗe tana zuwa sunan jikokin ƙawayenta tana kai barka, yanzu layi ya zo kanta. Amma komai gaggawar ungozoma ta bari a haihu. A cikin 300,000 ɗin nan a fara cire kuɗin asibiti, kaso mai kauri, a ajiye shi inda ba a taɓawa, wani a hannu wani a banki, don akwai daren da tura kuɗi yake ƙin tafiya. Ko a inda ake cewa haihuwa kyauta ce, akan miƙo wa mutum takarda ya je ya sayo wani abu. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a wasu asibitoci, ku tambaya ko naku yana ciki, amma ku yi tanadinku kamar babu. In Allah ya sa kin sauka lafiya ba a taɓa kuɗin ba, ga su nan, kwana bakwai sun isa a sayi rago. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan rago ɗaya ne, namiji aka haifa ko mace, kuma ga mai hali ne. Anko da rumfa da abincin 'yan suna duk ƙari ne. Wannan bayani ɗanta ne zai yi mata, ke ki kame bakinki. Abin da za ki iya yi shi ne ki ba ta wani aiki da zai nuna mata ana yi da ita: ki roƙe ta ta haɗa miki yajin jego da hannunta, ki tambaye ta yadda ta yi goyon mijinki. Uwar miji in ta ji ana neman iliminta, rabin faɗan ya mutu.

Maganar sayayya kuwa, na fahimci Inna. Mutanen da suka sha binne jarirai su ne suka ƙi jinin ganin an tara kayan ɗan da bai zo ba, don kada a dawo a tarar da su. Ba haramun ba ne, tsoro ne. Ba sai kin baza kaya a falo ba. Ki sayi kaɗan, ki wanke, ki shanya a rana, ki zuba a jaka ki tura ƙarƙashin gado. Riguna uku ko huɗu masu laushi, hula da safa, tawul biyu, famfas ƙarami ɗaya. Ke kuma tsofaffin zannuwa masu tsabta kamar huɗu, audugar mata mai kauri, rigar da ake buɗewa ta gaba, tocila, cajar waya, fulas, da katin awo a aljihun sama. Asibitoci sukan ba da nasu jerin, su safar hannu da leda da sauransu, ki karɓa ranar awo mai zuwa. Kada ki kashe kuɗi kan gadon jariri da keken turawa, kayan barka ma za su zo su ishe ki. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki sa kafur a kayan jaririn, in ma akwatin yana warinsa ki sauya wuri. Akwai jariran da kafur yake farfasa musu jini ya jawo musu shawara mai tsanani. Kin ga shawara biyu ke nan, tawa ki karɓa, waccan Allah ya tsare. In kika ga idon jariri ko fatarsa ta yi ɗorawa, musamman a kwana ɗaya ko biyun farko, asibiti za a kai shi, ba ruwan gulukos ko shanya a hantsi ba.

Jarkar maganin zaƙi kuma, kin kyauta da ba ki fara ba. Ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san ƙarfinsa ba, ita ma mai haɗawar da ido take aunawa. Wasu saiwoyin gudawa suke sawa, wasu suna tayar da ciwon mara tun lokaci bai yi ba, ke kuma ga kumburi ba a riga an san dalilinsa ba. Abin da mata suke gani ya fito su ce zaƙi ne, yauƙi ne da ke toshe bakin mahaifa, da kansa yake fita in lokaci ya yi, an sha magani ko ba a sha ba. Ki gaya wa nas an aiko miki da shi, na san abin da za ta ce, sai ki isar wa Inna da gaskiyarki cewa asibiti sun hana haɗawa da nasu. Ki ce mata addu'arta kika fi buƙata. Maganin da za ki riƙe shi ne na ƙarin jini kullum, ko yana sa ki tashin zuciya, ki sha bayan abinci, kada ki kora da shayi. Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ku wata-wata, kada ki tsallake, ga damina ga sauro, ki kwana cikin gidan sauro. Ki duba katinki ko an yi miki allurar tetanus sau biyu. Awo kuma yanzu zai matso kusa-kusa, sati na 34, 36, 38 da 40. In za ki kwanta ki kwanta ta gefe, ki bar rigingine.

Za ki tambaye ni yadda za ki gane naƙuda. Tun yanzu cikinki zai riƙa ɗaurewa yana saki, ba tsari, in kin sauya zama ko kin sha ruwa ya lafa. Ta gaskiya ba ta lafawa. Takan taso daga baya ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi, tazarar tana raguwa. In ta kai duk minti biyar tana zuwa, ta yi kamar awa guda a haka, ku kama hanya. In faya ta fashe ku tafi ko babu ciwo. Ta fari takan ja lokaci, don haka kada ki karaya in an duba an ce da saura. Kada ki yarda kowa ya yi miki allurar naƙuda ko ya sa miki ruwan naƙuda a gida ko a kemis, tana iya fasa mahaifa. In likita ya ce sai an yi aiki, kada a tsaya taron dangi, ku yi wannan maganar da maigida tun yau ya san zai sa hannu. Wadda aka yi wa tiyata ba raguwa ba ce, ga ni nan na haifi huɗu bayan tawa. Kuma ki ajiye kunyar ɗan fari a gida. In ciwo ya ishe ki ki faɗa, in kin ji wani abu ya sauya ki kira nas da ƙarfi. Nana Maryam ma da naƙuda ta kai ta gindin dabino sai da ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, yana nan cikin Suratu Maryam. Wace ce ke da za a ce ba za ki yi nishi ba?

Akwai maganganun da za ki yi da Inna da Hajiya tun yanzu, cikin hira, don ranar ba za ki samu ƙarfin gardama ba. Da an haihu a ɗora miki shi a ƙirji, a rufe ku tare, ki sa shi a nono cikin awar farko. Dakashin nan mai ɗorawa da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko, kada a zubar da ko ɗigo. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo, nono zalla har wata shida. Ɗan dabinon da ake shafa wa jariri a dasashi don sunna, shafawa ce, ba ciyarwa ba. Wanka a bari sai ya kwana ɗaya, a goge shi kawai. Cibiya kuma ba gashi da tsumma, ba man goge baki, ba toka. Akwai man cibiyar jarirai mai suna kulohekzidin, ki saya ki sa a jakar. Kafin ku bar asibiti a yi masa allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa na shan inna, sai kuma ya yi sati shida. Ranar suna wanzami ya yi askinsa da sabuwar reza, amma belu a bar wa yaro abinsa. Ba za ki ci nasara a duka ba, na sani. In dole sai kin zaɓa, ki tsaya kan nono, cibiya da belu.

Wankan jego ki yi abinki, ruwan ɗumi yana warware jiki, amma mai ɗumi, ba wanda zai sale fata ba. Kunun kanwa a sassauta masa, kanwa gishiri ce, in an ce jininki ya hau ki bar shi sam. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu. In kin ga kina haki, ko tari in kin kwanta, ko kumburi ya ƙi tafiya bayan haihuwa, kada a ce miki jego ne, a koma asibiti.

Na bar tsoronki a ƙarshe ba don na manta ba. Wadda ta ga an ɗauki ƙawarta sa'arta, dole ta ji abin da kike ji, ba rashin tawakkali ba ne. Ni abin da ya dame ni shi ne kin ce ba ki faɗa wa kowa ba. Ki faɗa wa mijinki, ko da a duhu ne in kun kwanta, in fuska da fuska ya yi miki nauyi. Ina zaton shi ma abin da ya sa ya kafe ke nan, bai dai iya furtawa ba. In tunanin ya hana ki barci da cin abinci, yanzu ko bayan haihuwa, ki gaya wa likita ƙarara, yana da magani. In ya taso miki da dare, ki yi addu'arki, ki kai hannu ƙarƙashin gado ki taɓa jakar nan, ki tuna lambar mai mota tana wayarki, Inna tana ɗakin kusa.

Gobe da safe ki je a auna jinin nan. Ki rubuto mini lambar da aka samu, da abin da Baba ya ce wa maigida. Allah ya sauke ki lafiya, ya nuna mana ranar suna.